Hannun Surukarmu a Bangon Masauki

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a majalisarmu ta bakin shagon Emeka mai kayan gyaran mota a tare ni, har Ladi mai ƙosai ta nan Gangaren Tudu sai da ta ajiye matsami ta ce, “Malam, wai me ka ɗauko a cinya tun daga can da ya bar ka da ɗingishi?” Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya kai shi gaba da ƙari. Jiya na ji wai gunki na shigo da shi Keffi. To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda, in ci gaba da jinyar bayana.

Nasiru ne ya ja mana, ɗan yayana Alhaji Garba. Ya ga wata yarinya a jami'a nan Keffi, Ramatu, 'yar wani ƙauye da ake kira Rijiyar Ayari can gaba da Damagaram, ya ce duk faɗin Nasarawa bai ga wata ba sai ita. Ta gama karatu ta koma gida, yaro ya rame. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, saboda haka nauyin ya faɗo kan baffanni. Baffannin kuwa mu biyu ne muka rage masu ƙafa: ni, tsohon malamin makaranta mai ciwon baya, da Yaya Tanimu, ɗan wan babanmu, birkila.

Sai na ɗan tsaya kan Yaya Tanimu, don wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya faru ba. Mutum ne mai kirki wanda hannunsa ba ya iya zama. In ya zo gaishe ka ya ga tsaga a dakalinka, kafin a kawo masa ruwa ya tuɓe riga. Shi ya rushe tsohon zauren kakanmu na unguwar Yara ya jera ɗakunan haya na ɗalibai a wurin, kuma har yau in mun wuce sai ya nuna mini da alfahari. A wurinsa ginin ƙasa talauci ne kawai, maganinsa siminti. Cokalin gininsa kuwa ba ya rabuwa da shi, ko ɗaurin aure za shi yana cikin jaka.

Muka tashi da huhun goro, da doya, da jarkar manja. Mai goron ya ja mini kunne, ya ce bazara ce, in riƙa yayyafa wa huhun ruwa safe da yamma, in ba haka ba itace zan kai wa mutane. Daga nan na zama mai renon goro.

Ba mu kai Mararraba ba cunkoso ya riƙe mu har rana ta take. Direban ya cusa doyar ƙarƙashin ƙafafuna, gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. Wajen Zariya na ji sanyi-sanyi a cinya, na duba, ashe jarkar manja ce ta yi kuka a kan babbar rigata, wadda na ɗinka musamman don in shiga gaban surukai. Yaya Tanimu ya duba ya ce, “Ai ba komai, Ticha, za su ɗauka aiki ne.” Nasiru kuwa kowane gari muka shiga sai ya buga waya. “Baba, kun kai ina? Baba, goron yana lafiya?” Ban ji ya tambayi bayana ba ko sau ɗaya. Muka kwana Kano gidan wani tsohon ɗalibina, matarsa ta yi fama da rigar, manja ya ce yana nan daram.

Washegari muka bi ta Daura zuwa kan iyaka. A can an duba takardu, an duba katin allura, an sa mun kwance doya ɗaya bayan ɗaya a rana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutum ga shi Bahaushe kamarka, ya gaishe ka da Hausa, da ya buɗe littafinsa sai ya koma Faransanci, kai kuma ka tsaya kana murmushi kamar kurma. Wani jandarma siriri ya zura hannu jakar Yaya Tanimu ya zaro cokalin gini, ya ɗaga shi sama.

“Alhaji, kun ce biɗar aure za ku. Wanga hwa?”

“Abokin tafiyata ne, ranka ya daɗe.”

“Amaryar za ka yi wa yaɓe?”

Duk wurin aka kwashe da dariya, har da ni. Ya mayar masa da abinsa. Da na san abin da ke gaba, da na roƙi jandarman nan ya riƙe shi.

Daga Damagaram muka shiga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da buhunan gero da awaki. Mutanen can suna da gaisuwa mai tsawo da haƙuri mai tsawo. Mota ta mutu a hanya, babu wanda ya zagi direba. Kowa ya sauka ya nemi inuwa, wani ya fito da burodi mai tsawon kamu biyu ya kakkarya ya raba. Na ce a raina, da a hanyar Akwanga ne da tuni an ambaci iyayen direban nan har kakanninsa.

La'asar sakaliya muka isa. Mahaifin Ramatu, Malam Lawali, dogon mutum mai magana a hankali, ya tarye mu a ƙofar wani gini da tun daga nesa na ɗauka masallaci ne ko gidan sarki. Ashe gidansu ne, kuma masauki ne. Kakan kakansa ya gina shi don fatake masu saukowa daga arewa da gishiri da dabino, su kwana su shayar da raƙuma su wuce Kano. Har yau duk baƙon da ya sauka ƙauyen nan ake kai shi.

Ƙanwarsa Habsu, wadda ke riƙe da cikin gidan, ta kawo mana fura a ƙwarya, mai tsami da kauri. Yaya Tanimu ya sha ya ƙara. Ba a jima ba ya ɗauki buta ya ɓace, saboda haka ni kaɗai Malam Lawali ya zagaya da ni.

Ban san gini ba, amma na san gajiya, kuma ginin nan an yi shi ne don gajiyayyu. Ƙofar zauren gajera ce, dole ka sunkuya, bangon kuwa kaurinsa ya kai tsawon hannuna. Da ka shiga sai sanyi ya rufe ka kamar ka leƙa cikin randa. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. An lanƙwasa azara an lulluɓe ta da ƙasa, ta taso daga bango huɗu ta haɗu a can sama, aka manna wata tsohuwar tasa a mahaɗar. Ya ce sunan irin wannan rufi ɗaurin guga. Daga zauren sai wani siririn lungu, daga lungun sai tsakar gida mai faɗi da ƙananan ɗakuna kewaye. Kowane ɗaki da alkukin ajiye fitila, da taga ɗaya can sama wadda ko kan yaro ba zai shiga ba, don falke ya yi barci bai damu da kayansa ba. Turakun raƙuma na nan har yanzu, sun yi santsi don shan igiya.

A jikin ƙofa akwai wani farantin ƙarfe da rubutun Faransanci. Na tambaya.

“Wannan shi ne wahalata,” in ji shi. “Gomnati ta sa gidan cikin kayan tarihi. Gidana ne, ciki aka haihe ni, amma ko ƙusa ba ni bugawa sai na tambaya. Kwano, an hana. Siminti, ko a baki kada ka ambata. Kowace shekara kahin ruwa ya sauka sai mun yi yaɓe da ƙasa, kamar yadda kakanni suka yi. Da can baƙi na zuwa kallo, yanzu sun ɗauke ƙahwa, an bar ni da gini da doka.”

Ya faɗe shi da gajiya, amma ina lura hannunsa na shafa bangon yana magana, kamar mai shafa wuyan doki. Na tuna zauren kakanmu na Yara da aka rushe.

A cikin lungun ne na ga tafukan hannu. An danna su a jikin bango tun ƙasar tana ɗanya, a jere, wasu sun shafe sai alama, wasu sun fito sarai. Ya ce al'adar gidan ce: duk macen da aka kawo aure, in yaɓen shekarar ya zo sai ta danna hannunta, kuma masu yaɓe kewaye su suke yi, ba a taɓa rufe su. “Wannan na kakata, wannan na innata,” yana nunawa. Ya zo kan na ƙarshe, na ƙasa-ƙasa kusa da ƙofar cikin gida, sai ya tsallake shi ya wuce.

Habsu ce ta gaya mini daga baya, tana kwashe kwanuka. Na uwar Ramatu ne. Ta rasu Ramatu na goye, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba. “Duk tahiyar da yarinyar nan za ta yi, sai ta sa hannunta cikin wancan kahin ta hita,” in ji ta. “Ko da za ta garinku karatu haka ta yi.”

Da safe muka gabatar da abin da ya kawo mu. Malam Lawali ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce magana ba tasa ba ce, ta wansa ce Baba Isuhu, shi kuwa ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye mai nisa. Sai mu jira. Aka jingine huhun goro a kusurwar zaure ba a kwance ba. A can, in ji Habsu, sai an amince ake kwance huhu. In an ƙi, a mayar maka da abinka yadda ka kawo.

Muka shiga jira. Fura da safe, fura da rana, tuwon gero da miyar kuka da yamma. Ni mutumin sakwara ne, hanjina ya yi ta tambayata laifin da ya yi mini. Ga shayi da ake dafawa a 'yar ƙaramar buta a ba ka a kofi kamar murfin kwalba, ka sha ka miƙe a ce zauna, saura na biyu, saura na uku. Ga wani busasshen cuku da ya kusa raba ni da haƙorin gaba. Aikina yayyafa wa goro ruwa, da hawa wani tudu bayan gari inda waya ke kamawa in ce wa Nasiru ya ƙara haƙuri. Ramatu kuwa ba mu sa ta a ido ba, kunya ta ɓoye ta a cikin gida, sai dai mu ji an ce ita ta yi miyar.

Yaya Tanimu zaman ya fi ci. Ya zagaya ginin ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can yana tsaki. Na gaya masa dokar gwamnati, ya yi dariya.

“Wace gwamnati, Ticha? A nan dajin? Mu ma ai an ce kar a yi gini kan magudanar ruwa, ka ga an fasa? Rowa ce kawai, ba sa son su saya wa bawan Allah siminti.”

Maganar hannuwa ban kawo masa ba. Na ga abu ne na cikin gidan mutane, ba na hira ba. Shi kuwa ya sami abokai, wasu magina da ke ɗora bulo a wani shago bakin kasuwa, kullum yana can.

Ranar kasuwa Malam Lawali ya hau babur ya tafi ɗauko wansa. Habsu da sauran mata suka tafi cefane. Ni na kwanta a ɗaki tun hantsi, sanyin ginin nan ya ɗauke ni, na yi barcin da ban yi irinsa ba tun ina saurayi. Abin da ya tashe ni wani sauti ne da na sani tun ina yaro, shaf, shaf, shaf. Na fito ba takalmi.

Yana tsugune a lungu, ba riga, da kwanon kwaɓi a gefe. A jikin jan bangon nan ga wani toka-tokan faci kamar faɗin faifai biyu, sumul, yana ta gyara masa baki. Daidai ƙasa-ƙasa, kusa da ƙofar cikin gida.

“Ticha, zo ka ga aiki! Mutumin nan ya ciyar da mu ya shayar da mu, in tashi in tafi ban bar masa komai ba? Nan ne ya fi zaizayewa, ga yara sun ɓata wurin da hannu. Simintin da na samo wajen maginan kasuwa ke nan, da ya isa da na haɗa har sauran.”

Na ce, “Yaya, ka kashe mu. Kankare shi, yanzu!”

Na gaya masa ko hannun wa ya rufe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba. Ya kai cokali zai kankare, ya tsaya. Ya ce sai da ya jiƙa bangon sosai kafin ya shafa, ya kuma danna da ƙarfi. In ya ja yanzu, ƙasar da ke ƙarƙashi za ta biyo kamar kunu. Muna tsaye cirko-cirko Habsu ta shigo da kayan cefane a ka. Ta duba, ta saki salati, ta shige. Can ciki muka ji wata murya ta yi ƙara sau ɗaya, gajeriya, sai shiru. Wannan ne farkon jin muryar amaryarmu.

Malam Lawali ya iso da yamma da Baba Isuhu, wani tsoho mai sanda. Suka tsaya a lungun. Na shirya wa zagi, har na fi son a zage mu. Malam Lawali ya daɗe yana kallon facin, sannan ya juyo ya ce, “An gode da aiki.” Ya shige ciki.

Abincin yamman nan har da kaza. Ban san cin fuska da ya kai a yanka maka kaza a ranar da ka yi wa mutum irin wannan ɓarna ba. Ba mu iya ci ba. Da na fito alwala sai na yi tuntuɓe da wani abu a ƙofar ɗakinmu. Huhun goro ne, an ɗauko shi daga zaure an ajiye mana, ɗaurinsa yadda na kawo shi. Waya ta yi ta ƙara a aljihuna a kan tudu washegari, na kasa ɗauka. Me zan ce wa yaron? Baffanka ya yi wa aurenka fulasta?

Da hantsi Yaya Tanimu ya sami Malam Lawali a zaure. Ga shi ya girme Malam Lawali, amma ya cire hula ya durƙusa a gabansa.

“Malam, na yi ɓarna. Alheri na nufa, wallahi. In hukuma ta zo, ni za a kama, ba kai ba.”

“Tashi, Alhaji. Hukuma mai sauƙi ce, su zo su yi hwaɗa su rubuta su tahi.” Ya dubi lungun. “Uwar yarinyar ce ba ta da hoto. Ka cire abinka ka tahi da shi, kada ya ƙara kwana mini a bango.”

Simintin ya riga ya kama. Yaya Tanimu ya ari wuƙa, ya yanka ƙasar da ke kewaye, ya riƙa shiga ta bayansa a hankali, yana haƙa yana hurawa. Ni ina riƙe da facin kada ya faɗo, a sunkuye, bayana yana kiran sunana. Har azahar muna abu ɗaya. Da ya saki, sai ya taho da fuskar bangon gaba ɗaya manne a bayansa. Inda hannun yake sai rami. Na duba ramin nan, na ji kamar mu muka sake binne matar.

Na ɗauka jefarwa zai yi. Sai na ga ya kai shi gindin rijiya ya kwantar da shi a kife, ya ɗauki buta ya fara zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kan ƙasar da ta manne, yana gogawa da asuwakinsa. Na ce, “Yaya, me kuma?” Ya ce, “Ban sani ba tukuna. Yi mini addu'a kawai.”

Jan ruwa ya yi ta gangarewa. Can sai ga kan yatsa. Sai ga na biyu. Ashe da ya danna simintin, ya shiga cikin gurbin ya ɗauki siffarsa. Da ƙasar ta wanke sai ga tafin hannu ya taso sarai, ƙarami, na mace, ƙaramin yatsan ya ɗan karkace, har da zoben da ke yatsan tsakiya. A bango rami ne. A nan kuwa hannu ne sosai, a buɗe, kamar an miƙo maka.

Habsu ce ta fara gani, ta je ta kira. Ramatu ta fito da mayafi har goshi, idanu a kumbure, ba ta ko dube mu ba. Ta durƙusa a cikin caɓin, ta ɗora tafinta a kai. Ƙaramin yatsanta a karkace yake, daidai da wancan. Ta ce, “Inna,” a hankali, kamar mai gudun tashin mai barci. Malam Lawali na tsaye daga bakin lungu. Ya juya ya koma zaure, mu ma muka ba ta wuri. Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma na ga Yaya Tanimu yana share fuska da hularsa.

Kada wani ya ɗauka shi ke nan an yafe. Huhu na nan ƙofar ɗakinmu, ba wanda ya ce mana ku tafi ko ku zauna. Ramin bango kuma dole a cike shi kafin ruwa. Yaya Tanimu ya ce ba zai bar garin ba sai an gama yaɓen shekara da shi, ni kuma ba ni da hanyar komawa ni kaɗai da goro a ka. Haka muka naɗe wando muka shiga kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, da ƙafa, a rana. Birkilan da ya yi shekaru yana ba da umarni a Keffi ya koma miƙa wa maginin ƙauye curin ƙasa, ana ce masa ya yi ruwa, ya koma ya sake. Ni kuwa malamin makaranta, ga ni tsamo-tsamo cikin laka har gwiwa, da guntun mutuncina da rigar manja a rataye.

Ana cikin haka ma'aikacin kayan tarihi ya zo daga Damagaram, don labari ya kai masa. Ya ɗauki hoton ramin, ya yi ta faɗa da Faransanci yana nuna farantin ƙofa. Malam Lawali ya tsaya ya shanye shi duka, bai nuna mu da yatsa ba, alhali ga mu nan a gabansa da laka a ƙafa. Wannan ya fi kazar ciwo. Aka cike ramin aka shafe, aka bar wurin fili ba komai.

Ranar da za mu taho, na yayyafa wa goron ruwa na ƙarshe, na sunkuya zan ɗauka in kai mota. Sai na ji Habsu daga baya.

“Aje shi, Malam. Wa ya ce ka taɓa kayan mutane?”

Ban gane ba sai da na ga Baba Isuhu ya zaro wuƙa ya yanke igiyar huhun. Aka kira maƙwabta, aka yi fatiha a zaure, aka raba goro. Bai bushe ba, alhamdulillahi, wannan kaɗai ne aikin da na yi daidai a tafiyar. Malam Lawali bai yi fara'a ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya shiga ciki ya fito da wani abu naɗe a cikin zane, ya ɗora mini a hannu. Nauyi ya kusa kai ni ƙasa.

“Wannan ba bango ba ne yanzu, gomnati ba ta da magana a kai,” in ji shi. “Na tambayi yarinya inda za a aje shi. Ta ce a kai shi Keffi, ɗakin da za ta zamna. To, na ji amsarta.” Ya dubi Yaya Tanimu, ya dawo da ido kaina. “Kai za ka riƙe, Malam. Bisa cinya. Kada a sa ta cikin kaya.”

Haka na ɗauko shi. Daga Rijiyar Ayari zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa iyaka, kowane rami mota ta faɗa sai na ɗaga shi sama kamar jariri. A iyaka muka sake faɗawa hannun jandarman nan siriri. Ya gane mu, ya tambayi cokali. Yaya Tanimu ya ce ya bar shi can, ya ba maginin ƙauye yana kwasar toka da shi. Sai ya nuna cinyata.

“Wanga hwa, mi ne?”

Na ce, “Surukarmu ce.”

Ya buɗe zanen yana shirin dariya. Ya duba, ya daɗe, ya mayar ya rufe da kyau har yana gyara bakin zanen. Ya ce, “Allah shi jiƙanta. Ku wuce.”

Kano, Zariya, Kaduna, Mararraba da cunkosonta, duk yana kan cinyata. Tun daga Zuba na daina jin ƙafar dama. Waya kuwa na kashe ta, don na ga wannan ba labarin waya ba ne.

Mun tarar da Nasiru a tasha, ya yi zuru-zuru, da gani ya kwana biyu yana zuwa yana komawa. Bai bari mota ta gama tsayawa ba ya leƙo ta taga. Ya duba bayan mota bai ga huhu ba, ya dube ni bai ga dariya ba.

“Baba, an ba mu?”

Na ce, “Buɗe ƙofa. Karɓi nan, da hannu biyu.”

Ya karɓa, ya buɗe zanen. Ashe ta taɓa ba shi labarin hannun, don ban ce masa komai ba na ga ya gane. Ya dube ni, na ce, “Ba ka iya gaisuwa ba ne?”

Yaron nan ya zube gwiwa biyu a tsakiyar tasha, cikin 'yan acaɓa da masu tallan ruwa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ina wuni, Mama. An zo lafiya?”

Ni kuwa ƙafa ta ƙi sauka. Sai da Yaya Tanimu ya zagayo ya ciccibo ni.